Daga Buta Zuwa Shawa: Tarihin Kalmomin Wanka da Tsarki Tsakanin Larabci da Hausa da Ingilishi a Kawo

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmomin da Musulmin ƙasar Hausa suke ambaton wanka da wanki da tsarki da su, tun daga zuwan littattafan fiƙihun Malikiyya har zuwa shigowar Ingilishi ta hanyar bariki da makarantar boko. An ɗauki unguwar Kawo ta Kaduna a matsayin misali, saboda nan ne malamin zaure da soja da ɗan boko suka daɗe suna zaman maƙwabtaka. Maƙalar ta nuna cewa Larabcin fuƙaha'u yana rarrabe wanka ta fuskar niyya da hukunci, Hausa tana rarrabe shi ta fuskar abin da ake wankewa, Ingilishi kuwa ta fuskar mazubi da yanayin zubar ruwa. Rashin lura da wannan bambanci yana iya taɓa ingancin sallar mutum.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da aka yi mini a wani masallacin unguwa a Kawo, inda nake karantar da Ishmawi tsakanin Magariba da Isha. Da muka kai bayanin ruwan da ake tsarki da shi, sai wani matashi da ya gama jami'a, wanda bai fi wata 3 da aure ba, ya jira mutane suka watse, sannan ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana." Ya ce shi a littafin Ingilishi ya koyi addini tun yana firamare, kuma abin da ya riƙe shi ne mai janaba ya yi bath. Don haka wankan da yake yi kullum kafin ya tafi aiki shi ne wankan tsarkinsa: bokiti guda, da soso da sabulu, da murfi ɗaya na maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ke mayar da ruwa fari kamar madara.

A mazhabar Imamu Malik, ruwan da launinsa da ƙanshinsa suka jirkita da irin wannan magani mai tsarki ne a kansa, amma ba ya ɗauke hadasi. Na shaida masa hukuncin mazhaba, wato ya sake wanka da ruwa tsantsa ya kuma rama sallolin da abin ya shafa, na kuma sanar da shi cewa Hanafiyya suna da sassauci a mas'alar ruwan da ya gauraya da abu mai tsarki. Matashin nan ba mai sakaci ba ne. Kalma ce ta yaudare shi, domin ta kawo masa rabin ma'ana ta bar rabi a hanya. Wannan ya sa na ga dacewar a waiwayi tarihin kalmomin.

2.0 Asalin Magana a Larabci

Aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ita ce ginshiƙin babin ɗahara. A cikinta an yi amfani da aikatau ɗin gasala ga fuska da hannuwa, da masaha ga kai, da taɗahhara ga mai janaba. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i kuma ta zo da igtasala. Daga nan fuƙaha'u suka tsayar da isɗilahinsu: wulu'i, gusulu, taimama, istinja'i, da izalatun najasa. Suka raba ɗaharar hadasi, wadda ba ta inganta sai da niyya a wurin jamhuru, da ɗaharar ƙazanta, wadda ba ta buƙatar niyya. Suka kuma raba ɗahara da nazafa, wato tsarki da tsabta.

Saɓanin mazhabobi a wannan babi, wani ɓangarensa saɓani ne na lugga. Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a shekara ta 595 bayan Hijira (1198), ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa daga cikin dalilan saɓani a kan cuɗanya akwai tarayyar ma'ana da ke cikin sunan wankan kansa. Shin Balarabe yana kiran kwarara ruwa kawai wanki, ko sai an bi da hannu? Malikiyya suka tafi a kan cewa cuɗanya farilla ce, sauran mazhabobi uku ba su wajabta ta ba. Hanafiyya ba su sharɗanta niyya ba, amma sun wajabta kurkurar baki da shaƙa ruwa a wankan janaba. Ke nan tun a harshen da aka saukar da Alƙur'ani da shi, iyakar kalmar wanki ta kasance mas'alar ilmi. Ina ga an ɗauke ta zuwa wani harshe?

3.0 Yadda Hausa Ta Karɓi Babin Ɗahara

Tarihin Kano ya danganta zuwan Wangarawa da zamanin Sarki Yaji (1349–1385), sannan Shaihu Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Tun daga waɗannan ƙarnoni malamai suke fassara matanin Larabci da baki a zaure, kalma bayan kalma. Ɗalibi yakan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386H/996), daga nan Askari, sai Muhtasar na Shaihu Halil. Kusan kowannensu da tsarki yake buɗe sashen ibada.

Alamar tsufan wannan hulɗa tana nan a bakinmu. Harafin dadun na Larabci malaman ƙasar nan da lamun suke furta shi, shi ya sa muke da alwala, da farilla, da haila, da lalura, da alƙali, da layya, da Ramalan. Joseph Greenberg a 1947 da Mervyn Hiskett a 1965 sun yi nazarin irin waɗannan kalmomi na aro da zamanin shigarsu Hausa.

Abin lura shi ne malamai ba su ari komai da komai ba. Inda Hausa ba ta da abin, sun ɗauko sunansa: alwala, taimama, janaba, najasa, hadasi, niyya. Inda take da shi, sun yi aiki da nata. Hausa kuwa mawadaciya ce a nan. Daga saiwa ɗaya ta fitar da wanka ga jiki, da wanki ga tufafi, da wanke-wanke ga kwanuka. Tana da ɗauraya, da kurkura, da dirza, da cuɗa, da shafa, da yayyafa, da tsettsefewa. Da waɗannan aka fassara farillan wanka guda 5 da Ishmawi ya lissafa: niyya, da game jiki da ruwa, da cuɗanya, da jerantawa, da tsettsefe gashi. Ahalari ya ƙidaya 4, bai ware tsettsefe gashi a lissafin farillai ba. Kunya kuma ta haifar da sakaya, har ake cewa kama ruwa, ko kewayawa, ko watsa ruwa.

Gusulu bai zama kalmar yau da kullum ba. Sai Bahaushe ya riƙe wanka, amma ya ɗaure shi da sababinsa: wankan janaba, wankan haila, wankan biƙi, wankan Juma'a, wankan idi, wankan gawa, wankan shiga Musulunci. Duk waɗannan ya tara su a ƙarƙashin wankan tsarki, ya ware su daga wankan soso da sabulu. Wannan ɗauri shi ne ya tsare hukunci a bakin wanda bai taɓa buɗe littafi ba, domin duk wanda ya ce zai yi wankan janaba ya riga ya ambaci abin da yake nufi.

Duk da haka kalma ɗaya da ke ɗauke da ibada da al'ada ba ta rasa haɗari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ihya'us Sunna ya keɓe babuka ga biyan buƙata da wanka da alwala da taimama da haila, yana bayyana sunna a kowanne da bidi'o'in da mutane suka shigar. Misalin da ya rage har yau shi ne wankan jego. Al'ada ce ta wanka da tafasasshen ruwa da ganye har kwana 40, kuma likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Zariya, a shekarun 1970, sun danganta shi, tare da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da shan kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ta fuskar fiƙihu, mata da yawa suna zaton sallah ba ta hau kansu sai ranar da aka gama wankan. Alhali a mazhaba, da zarar jinin biƙi ya ɗauke, ko da ranar haihuwa ce, sai mace ta yi wankan tsarki ta yi sallah, kuma mafi tsawon kwanakinsa 60 ne. Jirwaye mai kamar wanka ke nan.

4.0 Kalmomin Ingilishi da Tarihinsu

Ingilishi ya bi wata hanya dabam. Kalmar wash tsohuwa ce, danginta ɗaya da kalmar ruwa a harshen, kuma ita kaɗai take ɗaukar abin da Hausa ta raba uku: jiki da tufa da kwano. Kalmar bath tana nufin nitsar da jiki a ruwa, tana nufin kwamin da ake shiga, tana nufin ɗakin da yake ciki, har akwai birni a Ingila mai wannan suna saboda maɓuɓɓugansa masu zafi da Rumawa suka gina wa wuraren wanka. 'Yar'uwarta bathe a Ingila ta fi karkata ga iyo a teku ko kogi, ko wanke rauni, a Amurka kuwa wanka ne na kullum. Kalmar shower asalinta yayyafin ruwan sama ne. An ba William Feetham rajistar na'urar wanka mai zubo ruwa daga sama a Ingila a 1767, kuma likitan kurkuku Merry Delabost ya kafa shawar jama'a a gidan yarin Rouen ta Faransa wajen 1872 domin a wanke fursunoni da yawa da ruwa kaɗan.

Mai karatu zai ga cewa tambayar da waɗannan kalmomi suke amsawa ita ce: a cikin me, kuma ta yaya ruwan ya sauka? Babu ɗaya daga cikinsu da ke tambayar dalili ko niyya ko irin ruwan.

Kalmar da ta fi kusa da ibada ita ce ablution, wadda ta fito daga Latin. A coci tana nufin wanke kofin jibi da yatsun limami bayan an gama hidima. Da masu fassara suka zo kan wulu'i sai suka ɗora masa ita, suka kira gusulu babbar ablution ko ritual bath, taimama kuma busasshiyar ablution. Sai dai a bakin sojan Ingila jam'in wannan kalma sunan rukunin banɗakunan bariki ne. Kalma guda ta tsaya wa alwala a littafi, ta tsaya wa makewayi a bariki.

Turawa kansu sun taɓa sanin wanka na alama. Lambar girma ta Order of the Bath, wadda Sarki George na I ya kafa a 1725, ta samo sunanta daga wankan da ake yi wa jarumi a daren naɗinsa a zamanin da, alamar tsarkakuwa. Frederick Lugard yana cikin waɗanda aka ba ta, a 1895. Amma zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ma'anar da ta rinjaya ita ce ta kiwon lafiya da wayewa, har tallar sabulun Pears ta 1899 ta haɗa sabulu da aikin da Bature yake ganin an ɗora masa na wayar da sauran al'ummu.

5.0 Kaduna da Kawo: Inda Harsunan Suka Haɗu

Da wannan fahimta Ingilishi ya iso. Layin dogo ya kai Kano a 1911, aka fara kwaso sojoji daga Zungeru zuwa Kaduna a 1913, garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917. A tsarin Lugard ana barin fili mai yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kariya daga cuta. Aka naɗa duba-gari suna leƙa randuna da masai. Mutanen da suke alwala sau 5 a yini, waɗanda ɗansu na shekara 10 ya san bambancin ruwa mai tsarki da mai tsarkakewa, sai ga shi ana koya musu tsabta kamar baƙon abu.

A 1916 F. H. Ruxton ya buga Maliki Law da umarnin Lugard. Taƙaitawa ce ta Muhtasar, kuma ya ɗauko ta ne daga fassarorin Faransanci, cikinsu har da ta Perron. Wato isɗilahin Halil ya ratsa harsuna biyu kafin ya isa teburin Razdan, wanda buƙatarsa ta fi ƙarfi a kan hukuncin kotu, na aure da gado da ciniki.

Kawo ita ce ƙofar Kaduna ta arewa. Duk wanda ya fito daga Zariya ko Kano ko Katsina ta nan yake shiga, tasharta kuma ta shahara. A gefenta akwai hedikwatar Runduna ta 1 da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshi da aka kafa a 1964, inda Barikanci da Ingilishin soja suka yi kaka-gida. A kan titin Ali Akilu akwai hedikwatar Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, ga masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, inda Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri da Hausa ana yaɗawa ta Rediyon Kaduna. Tarjamarsa ta Alƙur'ani, wadda ta fito a 1979, da littafin Ibada da Hukunci na Shaihu Haliru Binji, suna cikin ayyukan da suka mayar da Hausar zaure zuwa rubutun boko, suka tsare wa 'yan makaranta alwala da wankan janaba da sunayensu.

Me Hausa ta ara daga Ingilishi a wannan fage? Sunayen kaya: baho, shawa, tawul, bokiti, famfo, bula, sitati. Sabulu tun da daɗewa daga Larabci ya zo. Aikin kansa bai sauya suna ba, har yau mutumin Kawo wanka yake yi a shawa, wanki a baho. Kalmar baho ma ta sauka daga matsayinta, ta zama babbar roba ko tasa da ake wa jariri wanka ko a jiƙa kaya. Saiwar wanka kuwa ta ci gaba da yaɗo, har aka sami wankin ƙoda a asibiti, da wankin hoto, da ɗaukar wanka a bakin samari, wato cin ado.

Sauyin da ya fi nauyi ya zo ne daga baya, lokacin da makarantun kuɗi masu haɗa boko da Islamiyya suka yawaita a Kawo da Unguwar Dosa da Hayin Banki, ana koyar da darasin addini da Ingilishi. Yaron da kakansa ya karanta Ahalari da fassarar Hausa, shi a littafin da ya ce masa bath ya koya. Sau da yawa kuma littafin fassara ce daga wata mazhaba, inda ba a ambaci cuɗanya ba, ba a kuma gaya masa cewa akwai saɓani ba.

6.0 Abin da Ke Biyo Baya a Hukunci

Na farko, shawa ba ta hana wankan tsarki, ba ta kuma wadatar da shi da kanta. Wanda ya tsaya a ƙarƙashinta ya yi niyyar ɗauke janaba, ya game jikinsa da ruwa, ya bi da hannu, ya tsettsefe gashi, bai rarraba ba, wankansa ya inganta a mazhaba. Wanda ya tsaya don ya ji sanyi ya sami tsabta, janabarsa tana nan.

Na biyu, sifar ruwa. Ruwan kogin Kaduna da ke yin ja da damina yana tsarkakewa, domin ƙasar da yake gudana a kanta ce ta jirkita shi. Ruwan bokitin da aka zuba wa turare ko sabulu ko magani har ya sauya launi ko ɗanɗano ko ƙanshi, ya halatta ga al'ada, bai isa ibada ba. Shi ya sa malamai ke ba da shawarar a gama da soso da sabulu, a ɗauraye, sannan a yi niyya.

Na uku, gwargwado. Ya tabbata a Buhari da Muslim daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu 5. Mudun Annabi bai kai lita 1 ba, sa'i kuwa bai wuce lita 3 ba. Kan shawa na zamani yana iya zubar da lita 9 a minti guda. A unguwar da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, inda magidanci ke sayen jarka daga 'yan garuwa, wanda ya zaci wankan tsarki sai da ruwa mai yawa yana iya jinkirta sallar Asuba alhali buta biyu ta ishe shi.

7.0 Kammalawa

Malaman zaure sun yi ƙarnoni suna sassaƙa Hausa har ta iya ɗaukar babin ɗahara ba tare da ta zubar da sharuɗɗansa ba. Ingilishi bai sami irin wannan hidima a ƙasar nan ba tukuna, ga shi kuma ya zama harshen karatun 'ya'yanmu da yawa. Don haka maƙalar tana ba da shawarwari uku. Masu rubuta littattafan Islamiyya da Ingilishi su bar wulu'i da gusulu da taimama da sunayensu na Larabci, su biyo da bayanin farillai, su kuma faɗi mazhabar da suka bi. Malaman makarantu su riƙa maimaita darasin tsarki da Hausa ko da harshen koyarwa Ingilishi ne, su sa ɗalibi ya kwatanta a aikace da buta. Sassan nazarin addinin Musulunci da na Hausa a jami'o'inmu su haɗa hannu su tattara ƙamus na isɗilahin fiƙihu da harsuna uku, tun dattawan da suka riƙe fassarar zaure suna raye.

Matashin da ya yi mini tambaya ya rama sallolinsa, yanzu kuma yana cikin masu zama gaba a darasi. Mun kai Iziyya. Allah ne Mafi sani.